Launukan da ke Kwamfutar Taubashiyata

Kwamfutar da na fara koyon kod da ita ta Babana ce. Da ita ya ƙarasa shekarunsa na aikin gwamnati, da ya yi ritaya ta dawo saman durowar ɗakinsa, an lulluɓe ta da tsohon ɗankwalin Mama. Nauyi gare ta, harafi ɗaya ya ɓalle sai an danna ɗan robar da ke ƙarƙashinsa, batirinta kuwa ba ya kai minti ashirin in an ɗauke wuta. Ranar da ya ba ni ita sai da ya goge murfinta da hannun rigarsa, sannan ya ce, "Ki riƙe ta da kyau. Ta san aiki."

A lokacin na gama jami'a, ina zaman jiran a kira mu bautar ƙasa. Adabi na karanta, kuma ina rubuta waƙoƙi a bayan tsofaffin littattafaina, ba na nuna wa kowa. A danginmu ni ake kawo wa fom in cike, ni ake kawo wa takardar asibiti in fassara, ni ake miƙo wa waya in ta ƙi yin abin da ake so. Nakan yi kamar abin ya dame ni. A zuciyata kuwa ina sonsa ƙwarai.

Ni na ga sanarwar ajin koyon kod, kuma ni na ja taubashiyata muka shiga tare. 'Yar gwaggona ce, ƙanwar Babana. Su suna Tarauni, mu muna Gyadi-Gyadi, na girme ta da wata bakwai. Tunda ni 'yar namiji ce ita 'yar mace, wasa ne tsakaninmu tun muna rarrafe. Ni ina kiranta baiwata, ita tana kirana Farfesa. In na yi kwalliya ta ce wace kasuwa za a kai ni. In na ci girkinta na ce a kawo min ruwa in kora magani. Ba na tuna ranar da ɗayanmu ta faɗa wa ɗaya magana a miƙe, kuma manya suna jin daɗin hakan, su ne ma masu zuga mu.

Ita difloma ta yi, ta koma sayar da humra da turaren wuta ta waya. Da na kawo mata maganar ajin sai ta ce, "Ni da kwamfuta? Farfesa, ki bar ni da kaskona." Na nace har ta yarda. Yayanta da ke aiki a Abuja ya aiko mata da kwamfuta siririya mai ruwan azurfa, wadda ake ɗaga murfinta da yatsa ɗaya. Ni na nuna mata inda ake kunna ta.

Ajin yana saman bene kusa da kasuwar Tarauni, ƙarƙashinsa shagon teloli ne, saboda haka kullum ƙarar kekunan ɗinki tana taso mana ta tafin ƙafa. Mu goma sha biyu ne, yawancinmu mata. Malaminmu mutum ne siriri mara yawan magana, daga Darmanawa yake zuwa a kan mashin ɗinsa. Kod, kamar yadda ya faɗa mana ran farko, umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi, kuma ba ta yafe ko ɗigo. Tsarinsa shi ne a iya karatu kafin a fara rubutu. Yana da wani shafi a intanet, mara ado ko kaɗan, a nan yake zuba mana kod ɗin ranar. Kowa ta buɗe burauzarta, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ta karanta, ta faɗi abin da kowane layi yake yi, in akwai kuskure ta nuna. Baƙaƙen haruffa ne ƙanana a kan fari, reras, kamar tururuwa ta hau zanin gado.

A ƙarshen watan farko Malam ya ce yana so ya buɗe ajin Asabar don matan aure na unguwa waɗanda ba sa samun fita a sauran ranaku. Mazajensu sun ce sai dai mace ta koyar da su. Don haka zai zaɓi ɗaya daga cikinmu idan mun cika wata uku. Yana rufe baki duk ajin ya juyo ya kalle ni.

Taubashiyata ta ce, "To ai an gama. A miƙa wa Farfesa allinta mu huta."

Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Kafin adaidaita sahu ta sauke ni a bakin layinmu na riga na zaɓi abayar da zan sa ranar farko, na riga na tsara jimlar da zan buɗe darasi da ita. Ban taɓa son wani abu da sauri haka ba. Ina ganin kaina tsaye a gaban allo, hasken taga yana faɗowa a kafaɗata, mata suna cewa Malama.

Wata Talata, a mako na shida, na juya zan ari abin goge rubutu a wurinta sai idona ya faɗa kan kwamfutarta. Shafi ɗaya muke kallo, kod ɗaya. Amma nata ya yi fure. Kalmomin umarni sun zama shuɗi. Duk maganar da aka saka tsakanin alamar buɗe zance da ta rufewa ta zama kore shar, kamar ganyen alayyafo da aka yayyafa wa ruwa. Lambobi ruwan lemo. Ɗan bayanin da mai rubutu kan bar wa kansa a gefe ya koma ruwan toka, ya ja baya kamar baƙon da ya san ba da shi ake ba. Abin da ya faɗo min a rai shi ne Alƙur'anin Mama mai launin tajwidi, wanda ja yake gaya maka ka ja, kore yake gaya maka ka yi gunna, tun kafin harshenka ya isa wurin. Na dubi tawa. Tururuwa.

Na ce a hankali, "Wannan fa?"

"Wanne?"

"Launin."

Ta leƙo tawa, ta dafe ƙirji. "Au, taki ba ta yi? Allah sarki. Ai sai kwamfutar da aka haifa bayan an kawo lantarki. Ta Kawu ai sa'ar talabijin mai baƙi da fari ce, ki bar ta ta ji da tsufanta."

Na ce, "Tsohuwa mai mutunci ta fi yarinya mai kwalliyar banza." Muka yi dariya. Amma na yarda da maganarta. Ni da na san ba ta taɓa faɗa min gaskiya a karon farko ba, na ɗauki wannan na haɗiye. Da na koma gida na zauna ina kallon kwamfutar Babana da wani irin haushi, har da ɗankwalin da ake rufe ta da shi.

Bayan kwana biyu, an tashi ana tattara jakunkuna, ta matso kusa da ni. Muryarta ƙasa-ƙasa, ba dariya a ciki. Ta ce, "Kawo in saka miki. Ba kwamfutar ba ce, wasa nake. Wani ɗan ƙari ne ake liƙa wa burauza, ekstenshan ake ce masa, shi ke gane kod a shafi ya shafa masa launi. A wani bidiyo na gani. Kyauta ne, minti biyu."

Na tsaya ina duba fuskarta ina neman tarkon. Muna da shekara tara ta taɓa ce min da irin wannan muryar, "Rufe idonki ki buɗe baki in ba ki alawar madara," ta jefa min ƙwallon daddawa. Har yau in an taru da Sallah sai Gwaggo ta ba da labarin. Na ce a raina, zan miƙa mata kwamfutar, ta daddanna, ba abin da zai fito, sannan ta ɗaga murya ta ce ku zo ku ga Farfesa tana roƙon baiwarta. Sai na riga ta ɗaga muryar.

"Riƙe kayanki. Launi ai na 'yan nazare ne. Mu da muka iya karatu baƙi da fari ya ishe mu."

Ajin ya ɗauki dariya. Wata mata da ke zuwa daga Hotoro, mai 'ya'ya huɗu, ta tafa hannu ta ce, "Kai, Farfesa, ba ki da dama!" Taubashiyata ta kalle ni na ɗan lokaci, sannan ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To, Allah ya ba manya haƙuri," ta rataya jakarta.

Mako bai zagayo ba launin ya fara yaɗuwa. Na fara ganinsa a kwamfutar matar Hotoro, wadda ta fi ta Babana tsufa, an ɗaure gefenta da salatif. Sannan a ta Madam, wata 'yar kudu da mijinta ke da kemis a bayan kasuwa, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Kowacce ta kai wa taubashiyata, ta daddanna, shafi ya yi fure, a ce mata Allah ya yi albarka. A nan na gane. Wasan na ɗauka gaskiya, gaskiyar kuma na ɗauke ta wasa.

Da la'asar na zauna a tsakar gida na bincika da kaina. Ban sha wuya ba na same shi. Ga hotonsa, ga ɗan maɓallin da za a danna a saka. Na kai 'yar kibiyar kwamfuta kansa, yatsana yana bisa. Sai na tuna kujerarmu ɗaya da ita, kafaɗa da kafaɗa. Gobe da safe ina ɗaga murfin kwamfuta za ta gani. Na ji muryarta tun daga falon Gwaggo ranar Sallah, tana cewa, "Ku matsa wa 'yar nazare ta zauna." Na ji dariyar matar Hotoro. Na rufe shafin.

Washegari na tsaya a shagon kayan rubutu da ke kan hanyarmu na sayi fakitin biro mai launi shida da babban littafi mai kauri. Daga ranar na shiga wata sabuwar al'ada. Duk kod ɗin da Malam ya zuba a shafi sai na kwafe shi a littafi da hannuna, ina canza biro. Ban ɗauki launukanta ba, Allah ya kiyaye. Kalmomin umarni na ba su shunayya, zance na ba shi ruwan hoda, lambobi ja. Nakan zauna a tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidanmu, birona a jere a kan cinyata, tattabarun maƙwabta suna sauka suna tashi a kan katanga. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. Hannuna yana tafiya a hankali, kowane layi yana shiga kaina yana zama. Wani lokaci sai in ga kod ɗin kamar baitocin waƙa, wani layi ya shige ciki, wani ya fito, baka, alamar nan mai lanƙwasa, ta buɗe a sama ta je can ƙasa ta rufe kamar amsa-amo.

Wata rana Babana ya fito zai tafi masallaci ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mahaifinsa haka yake rubutu, baƙin tawada daban, jar tawadar wasali daban, kowacce da alƙalaminta, ba ya yarda a haɗa. Ya ce, "Ashe abin a jini yake." Maganar ta yi min daɗi har na kusa mantawa da dalilin da ya sa nake yi.

Amma a aji abin ya canza. Malam zai ce, "Wa ya ga matsala a nan?" Kafin in gama bin layi na uku da ido, hannun taubashiyata yana sama. "Malam, an buɗe zance ba a rufe ba, ga shi duk ƙasa ya koma kore." Malam ya ce, "Madalla." Kalma ɗaya ce, ba ya ƙara komai a kai, kuma a da ni kaɗai yake faɗa wa. Na fara jin kalmar nan kamar an ɗauki mayafina an yafa wa wata a gabana. Mata suka koma jan kujerunsu zuwa gefenta. Ƙamshin humrarta, wanda da nake so har nake roƙon ta ɗiba min, ya fara hawa min kai.

Da launin ne kaɗai da da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne na lura tana ganewa. Launin ya buɗe mata ƙofa ne kawai, da ƙafarta ta shiga. Ta fara yin tambayoyin da ban yi tunaninsu ba. Ta ce tana so ta rubuta ɗan abin da zai jera mata sunayen turarukanta da masu so. Wata Juma'a ina ɗaki na ji Mama tana waya da Gwaggo, tana cewa, "Iye, 'yar tawa ta zama injiniya ke nan!" Bayan kwana kaɗan wata innarmu ta zo gidan, wayarta ta ƙi aika hoto. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ta ce, "A'a bar shi, gidan gwaggonki zan biya, an ce 'yarta ta iya sosai." Ta faɗa ba da wata manufa ba, tana gyara goyon jikarta. Na shiga ɗaki na rubuta waƙa a kan wata fitila da aka kunna da wutar 'yar'uwarta, ta zo ta fi ta haske. Waƙar ba ta yi kyau ba. Na yaga ta.

Sau ɗaya taubashiyata ta sake taɓo maganar launin. Muna cikin adaidaita sahu an tsaya a cunkoso, ta ga bakin littafina ya leƙo daga jaka, ta zaro kafin in hana. Ta buɗe tana juya shafuka.

"Ke kika yi duk wannan?"

"Aljanu ne."

"Wallahi ya yi kyau." Ta ƙara juya shafi. "Amma Farfesa, wannan ba launi ba ne? Ko nazaren ce ta koma gida?"

Da ta tsaya a kan jimlar farko, wataƙila da na sauko. Na fizge littafina na ce, "Nawa da hannuna na yi. Ban aro idon inji ba."

Mai adaidaita ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri da juna mana."

Ta ce, "Ƙyale mu, Malam, uwar ɗakina ce, yau ba ta karya ba."

Ranar zaɓe ta zo a ƙarshen wata na uku, ranar Alhamis da hantsi. Malam ya ce ba jarrabawa ba ce, amma kowa ya san ita ce. Ya zuba dogon kod a shafi, wanda ya ce wata ɗaliba ce ta rubuta don jera sunayen yaran wata Islamiyya aji-aji. Ya ce akwai kurakurai biyar a ciki. Minti arba'in. Kowa ta yi amfani da duk abin da ta saba aiki da shi.

Na buɗe littafina na jera birona. Hannuna ya saba, yana gudu. Shunayya, ruwan hoda, ja, baƙi. Kekunan ɗinki suna ta sukuwa a ƙasa, fanka tana juyawa a sama, ni kuwa na shige cikin layukan nan kamar mai tafiya a lungun da ta sani tun tana yarinya. Na san inda kowace baka za ta rufe tun kafin in kai. A minti na ashirin da biyar na gama kwafa, shafi biyu da rabi, tsaf. Sannan na koma farko ina neman kurakurai a cikin littafina. Na samu ɗaya. Na samu na biyu. Na bi na sake bi, sama da ƙasa. Sauran ukun babu su. Komai daidai yake, komai a wurinsa, kowane launi ya fara inda ya kamata ya ƙare inda ya kamata. Har na fara zargin ko Malam ya yi kuskuren ƙirga.

Ta gefen idona ina ganin kwamfutarta. Rabin shafin ya rine da kore, kamar an kifar da kwanon miyar kuka. Tana bin koren da yatsa zuwa sama, tana neman inda ya faro. Ta rubuta wani abu a takarda. Ta ajiye bironta tun da sauran minti bakwai.

Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ita ta samu biyar. Madam ta samu huɗu. Da ya iso kaina ya ga biyu, sai ya ɗan tsaya, ya ce in ba shi littafin. Ya ɗora shi kusa da kwamfutar yana duba nan yana duba can. Ya sa yatsa a wani layi.

"Kin ga nan? A shafi ba a rufe zancen ba. Ke kin rufe."

Na duba. Gaskiya ne. Ga alamar nan da ruwan hodana, 'yar ƙarama, a inda babu ita a shafin.

"Nan ma, bakar nan babu ita. Ke kika saka. Nan kuma an rubuta sunan ajin iri biyu, ke kin mai da shi iri ɗaya." Ya rufe littafin a hankali ya miƙo min da hannu biyu. "Kin gyara uku ba ki san kin gyara ba. Hannunki ya san daidai har ba ya iya kwafar kuskure."

Wani daɗi ya taso min na daƙiƙa ɗaya. Sai ya ƙarasa.

"Amma matan nan da za su zo, kuskure za su yi ta yi. Mai koya musu dole ta ga abin da suka rubuta. Ke abin da suke nufi za ki gani." Ya dubi kwamfutar Babana, baƙi da fari. "Me ya hana ki saka abin launin nan? Shi ba ya tausaya wa kowa, abin da ke wurin yake nunawa. Na ɗauka kowa ya saka."

Ba wadda ta yi dariya. Da ma sun yi. Matar Hotoro ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta. Malam ya koma gaban allo ya faɗi wadda ya zaɓa, taubashiyata, aka yi ta barka, ni ma na ce barka, na ji muryata kamar daga wani ɗaki take fitowa. Ranar ban jira ta ba. Na tako da ƙafa tun daga Tarauni har gida cikin rana, birona suna ƙara a cikin jaka.

Washegari bayan an sauko daga masallaci ta zo gidanmu. Ta gaida Babana, ya ce, "A'a, Malama ce da kanta?" Ta shigo ɗakina ba sallama kamar yadda ta saba, ta zauna a bakin gado, ta jawo kwamfutar ta ɗora a cinya. Ban ce ta bari ba. Na juya ina ninke kayan da na riga na ninke. Ko minti biyun ba a yi ba ta juyo min da ita.

Kod ɗin jiya ne, a kan tsohuwar kwamfutar Babana mai ɓallallen harafi. Shuɗi, ruwan lemo, ruwan toka, da koren nan da ya malale har ƙasa. Ashe duk watannin nan tana iyawa. Na ji kamar in ba kwamfutar haƙuri.

Na ce, "An gode, baiwata. Sai ki share ɗakin kafin ki tafi."

Ba ta rama ba. Ta ce, "Littafinki na zo aro."

"Na me?"

"Matan Asabar su goma sha huɗu ne, kwamfuta biyu Malam zai bar mana. Yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. In na ba su littafin nan suka kwafa da launi a gida, kafin layi ya zo kansu sun saba da fuskar abin." Ta ajiye kwamfutar a kan gado. "Ni ba zan iya yin irinsa ba. Rubutuna kin san shi, kamar kaza ta bi ta kan siminti."

Na so in ce a'a. Na so ƙwarai. Littafin nan shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda ba ta da shi. Na tsaya riƙe da shi ina jin kaurinsa, ina tunanin la'asar ɗin da na zuba a ciki. Sannan na tuna jimlar da na tsara zan buɗe darasi da ita, wadda ba wanda zai ji. Na miƙa mata. Na ce kada a zuba masa manja.

Asabar ta uku na gama wani littafin, don na farkon darasi goma kawai ya ɗauka. Yanzu da kwamfutar nake dubawa kafin in kwafa, in na gama kuma in sake gwadawa layi da layi. Na ce bari in kai mata da kaina. Na hau benen a hankali, na tsaya a matakala ta ƙarshe inda ba a ganina. Ƙofar a buɗe take. Na hango gefen allo da hannunta riƙe da alli, hasken taga yana faɗowa a kafaɗarta, daidai inda na san zai faɗo. Littafina yana yawo daga hannu zuwa hannu.

Wata mata ta ce, "Malama, wannan rubutu naki kamar na inji. Allah ya ba ki hannu."

Na kasa kunne.

Taubashiyata ta ce, "Ba nawa ba ne. Na yayata ne, 'yar kawuna. Ita ta kawo ni nan, ita ta nuna min inda ake kunna kwamfuta. Ta fi ni sanin abin nan nesa ba kusa ba."

Na tsaya ina jiran sauran. Na san ta, dole akwai wutsiya, wata kalma da za ta sa ɗakin ya fashe da dariya. Na jira. Sai na ji ta ce, "To, mu buɗe shafi na huɗu, wa za ta gaya min abin da shunayya take nufi?"

Ban taɓa jin ta kira ni yaya ba, sai ranar, kuma ba ta san ina ji ba. Ya kamata in ji sanyi a raina. Na ɗan ji. Amma a ƙarƙashinsa wani abu ya motsa wanda na sani sarai. Ta samu ajin, ta samu allon da tagar, yanzu kuma ga shi ta iya faɗar irin wannan magana a sauƙaƙe, a gaban mutane, abin da ni na kasa yi ko a cikin ɗakina. Har wannan ma sai da na ji ina ma nawa ne.

Na sauko ban shiga ba. Na ba babban telan da ke ƙasa littafin, na ce in an tashi ya ba Malamar sama. Ya ce wa zai ce ta kawo. Na ce ya ce uwar ɗakinta ce, za ta gane.

Na tari adaidaita sahu zuwa Gyadi-Gyadi. Muna tafiya iska tana kaɗa mayafina, sai na ji ƙamshin humrarta a jikinsa, na 'yar tsayuwar da na yi a matakala.